Mai Amsa Kiran Inna Tabawa

Ku matso kusa. Shamsu, kife wayar nan a tabarma. Kife ta na ce, ba tura ta ƙarƙashin cinya ba, ina ganin haskenta. Ɗazu ma Kaka ta kira ka daga ɗaki, ko ɗagowa ba ka yi ba. Ke kuma Zinaru, kin ce ba ki jin tsoro, to saki bakin zanena.

Wannan ba tatsuniya ba ce, kada wanda ya ce mini ta zo mu ji ta. Wanda abin ya faru da shi kun san shi. Tela Nafi'u ne na bakin kasuwa, wanda ya ɗinka muku kayan sallar bara. Lokacin kuna birni, ni kuwa ina nan, katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu.

Kun dai san garin nan babu sabis sai an hau Dutsen Kurciya. To tun kafin a san wata aba waya, dutsen nan yana da ƙa'idarsa. Akwai wata tsaga tsakanin manyan duwatsu biyu, ta nan ake bi. In ka iso tsagar sai ka tsaya, ka yi sallama da ƙarfi, ka ce, "Masu wuri, a ba mu hanya." Ka ɗan dakata, sannan ka wuce. Makiyaya suna yi, mata masu itace suna yi. Kuma ba a kai almuru a can.

Nafi'u a da, wallahi, bakinsa ba ya hutawa. Yana taka keke yana zuba. Mahaifiyarsa, Inna Tabawa, idonta ya daɗe da tafiya, shi kaɗai gare ta. Kullum bayan la'asar za ta zauna a bakin ƙofar ɗakinta ta ce, "Nafi'u!"

Shi kuma, "Na'am, Inna!"

Sai ya kawo mata yadin da yake ɗinkawa. Ta shafa, shi yana gaya mata launinsa, da mai shi, da bikin da za a je da shi, har da gulmar da ba a tambaye shi ba. Muna jin dariyarsu ta katanga.

Sai ya sayi babbar waya don ya riƙa ɗora hoton ɗinkinsa. Da farko abin ya yi kyau, har daga wasu garuruwa ana aiko masa da yadi. Rannan wani wanda bai taɓa gani ba ya rubuta a ƙarƙashin hotonsa: "Ɗinkin ƙauye." Kalma biyu, da ɗan hoton dariya. Mutane da yawa sun yaba, amma bai ga nasu ba, wannan ɗin kawai ya gani. Daga nan ya shiga kallon telolin birni masu shagon gilashi. Ya kalli nasu, ya kalli kekensa, ransa ya ɓaci. Hawan dutse sau ɗaya a rana ya zama sau uku. Inna ta kira, ya ce, "Ina zuwa." Daga baya "ina zuwa" ɗin ma ya daina.

Abin da zan gaya muku yanzu, shi ya ba ni labarinsa da bakinsa.

Wata Laraba ce. Rana ta yi ja, mutane suna saukowa, shi yana hawa. Iyafis a kunne, ido a waya. Ya zo tsagar nan ya shige abinsa. Ba sallama, ba komai.

A sama ba kowa. Iska ta tsaya. Ko kurciya ɗaya ba ta kuka.

Ya zauna yana neman sabis. Sai ya ji kamar ana kallonsa. Ya ɗago.

Tsohuwa ce a kan wani falalen dutse, da ƙwarya a cinyarta, rufe da faifai. Ya ga leɓenta ya motsa. Bai ji komai ba. Ya cire iyafis ɗin. Leɓen ya riga ya rufe, sannan muryar ta iso.

"Samari, ba a sallama?"

Kun san yadda bidiyo yake yi in sabis ya yi rauni, baki ya riga magana? To haka.

Ya ce, "Yi haƙuri, Iya, ban gan ki ba."

"Ai ba ka ganin kowa. Me kake nema a nan kullum?"

"Sabis."

Ya sunkuyar da kai don kunya, idonsa ya sauka a ƙafarta. Jerin tururuwa yana wucewa ta wurin. Sun zo daidai inda ƙafar take, ba su kauce ba. Suka ratsa ta cikinta suka fita ta ɗaya gefen.

Zinaru, kin fara matse ni.

Ya kasa kunne. Daga cikin ƙwaryar yana jin wasu 'yan ƙananan sautuka. Wani yana munshari. Wata tana dariya can ƙasa-ƙasa.

Tsohuwar ta dafa faifan. "Tsintuwa ce. Duk wanda ya hau nan sai ya yar da wani abu. Wannan barcin malamin makaranta ne. Wannan dariyar wata amarya ce. Ban ƙwaci na kowa ba."

Leɓen ya sake motsawa.

"In na ba ka abin da kake nema ka tafi da shi har ɗakinka fa? Ka huta da hawa."

To ku ji wautar ɗan Adam. Mutumin da ya ga tururuwa ta ratsa ƙafa, maimakon ya karanto abin da ya sawwaƙa ya ruga, sai ya ce, "Me zan ba ki?"

"Abin da ba ka amfani da shi. Wannan 'na'am' ɗin naka. Jiya sau uku aka kira ka, ka bar shi a ƙasa."

Ya ce, "Ɗauki."

Ta ɗaga faifan kaɗan, ta mayar. Shi ke nan. Da ya sake dubawa, falalen dutse ne kawai.

Ya sauko ya shiga ɗaki. Sabis cike. Caji cike. Washegari haka, jibi haka. Ya danna ya kashe wayar, ta kunna kanta. A gari kowa yana hawa dutse, shi yana kwance a katifa duniya tana zuwar masa.

Wayyo, Nafi'u. Na ga yadda ya koma da idona, har yau in na tuna raina ɓaci yake yi. Barci ya ƙaurace masa. Zai rufe ido, sai ya ji ta yi ƙara, ya zabura, ya duba ko an sake zaginsa. Ya ɗora hoto, ya goge, ya sake ɗorawa. Tuwo ya huce a gabansa. Kura ta rufe keke, mutane suka zo suka kwashe yadinsu. Ka gaishe shi, ya dube ka kamar daga cikin rijiya. Wata rana na same shi yana hawaye, na ce lafiya? Ya girgiza kai, ya nuna ƙirjinsa, ya ce a hankali, "Barira, kowa ya fi ni." Ita ce magana ta ƙarshe da na ji daga bakinsa a wannan watan.

Ni nake kai wa Inna Tabawa abinci a lokacin. Sai na lura da wani abu. Ɗanta yana lalacewa, ita kuwa tana ta fara'a. Na ce to, ƙarfin hali ne na tsofaffi.

Rannan bayan la'asar na shiga da kwano. Nafi'u yana zaune a zaure, kai a sunkuye, hasken waya a fuskarsa. Inna ta ce, "Nafi'u!"

"Na'am, Inna!"

Muryarsa ce sak, da wannan 'yar dariyar da yake haɗawa. Amma ina kallon bakinsa. Bakinsa a rufe yake. Muryar ta bayan katanga ta fito, ta wajen dutse.

Na ajiye kwanon. Inna ta juya fuskarta ga katangar, suka shiga hira. Muryar tana ba ta labarin wani yadi mai ruwan goro.

Kullum muryar sai ta ɗan ƙara nisa. Yau bayan katanga, gobe bakin rijiya, jibi wajen gonar rogo. Inna kuma tana jan tabarmarta tana binta. Na gaya wa Nafi'u, bai ko ɗago ba. Na gaya wa manya, aka ce in daina sambatu.

Sai ranar da na kai abinci na tarar da tabarma ba kowa. Sandarta ba ta nan. Rana ta fara ja.

Na faɗa zauren, na fizge wayar daga hannunsa. Zafi take kamar an ciro ta daga murhu. Na ce, "Kai! Uwarka ta bi muryarka ta hau dutse! Makauniya, a kan Dutsen Kurciya, da almuru!"

Ya buɗe baki. Ba abin da ya fito. Ya sake gwadawa, iska kawai. A nan ne na ga tsoro ya shiga idonsa, kuma na ji daɗin ganinsa, don alama ce akwai sauran mutum a ciki.

Muka ruga. Ga sawun sandarta a ƙasa, ɗaya bayan ɗaya, bai karkace ba ko kaɗan. A tsagar zai shige, na riƙe rigarsa. Na yi sallama. "Masu wuri, a ba mu hanya." Shi ma ya motsa leɓe, ba sauti. Muka dakata. Muka wuce.

Tana can. Zaune a bakin gangaren, inda in ka zame sai dai a tsinto ka a ƙasa. Taku biyu ya rage mata. Ni ita kaɗai na gani. Shi ya ce ya ga tsohuwar a gefenta, faifai a buɗe.

Muryar tana cewa, "Matso, Inna. Matso ki taɓa wannan yadin."

Daga can ƙasan gangaren take fitowa.

Inna ta fara lalubar sandarta. Nafi'u ya yi tsalle ya kama hannunta. Ta tsaya. Ta shafa yatsunsa, ta kai ga wannan kantar da almakashi ya yi masa a babban yatsa.

"Kai ne," ta ce.

Na ce, "Inna, wancan ba Nafi'u ba ne! Ba mutum ba ne!"

Ba ta ko razana ba. Ta ce, "Barira, ni na haife shi. Tun ranar farko na san ba shi ba ne."

"To me ya sa kike binsa?"

"Shi yana amsawa."

Shamsu, ka ji abin da ta ce? Ni dai a wurin na fashe da kuka. Nafi'u ya durƙushe, ya kifa kansa a ƙafarta, yana kuka ba sauti.

Can ya miƙe. Ya karɓi wayar daga hannuna, ya je ya ajiye ta a kan falalen dutsen, ya ja da baya. Muka ji wani abu ya yi ƙwas, kamar an rufe ƙwarya. Sai muryar tsohuwa, wannan karon har ni na ji ta.

"An yi sallama, an mayar da kaya. Sai dai abin da ya kwana a wurina ba ya komawa yadda yake."

Inna ta ce, "Nafi'u."

Leɓensa ya motsa. Muka jira. Kamar ba zai zo ba. Sannan ya iso, a dishe.

"Na'am, Inna."

Ya goya ta muka sauko, ni ina riƙe da sandar, ban waiwaya ba.

Kada ku ɗauka washegari ya warke. Sai da kawunsa ya kai shi asibiti a birni. Likita ya ce ciwon damuwa ne, ya ba shi magani, ya riƙa zama da shi suna magana, kuma Allah ya sa an dace. Manya suka ce iska ce. Ni da na ga biyun, ban musa wa kowa ba. Ya fi wata shida kafin barcinsa ya dawo daidai. Yanzu ƙaramar waya gare shi mai maɓallai. Hoton ɗinki kuwa, ranar Juma'a kawai suke hawa shi da abokinsa, su yi sallama, su ɗora a wayar abokin, su sauko tun rana tana sama.

Inna Tabawa ta ƙara shekara uku kafin Allah ya karɓi abarsa. A cikin shekarun nan ban taɓa jin ta kira sau biyu ba.

Gobe in kun je karɓar ɗinki ku lura da bakinsa, amma ban da ƙura masa ido. Za ku ga leɓen yana riga maganar da kaɗan. Masu itace kuma sun ce har yau, in rana ta yi ja, akwai abin da yake haske a kan falalen dutsen nan. Shekara nawa, cajin wayar bai ƙare ba.

Don haka in sabis ya kai ku Dutsen Kurciya, ku je ku biyu. Ku cire abin kunne, ku yi sallama, ku sauko kafin almuru. Duk wanda na ji ya bi tsagar nan shi kaɗai, ni da shi ne.

Nawa ya ƙare a nan, ku naɗe tabarma. Tsaya. Kun ji? Kaka ce. Shamsu, kai take kira, karo na biyu ke nan.

Tashi ka amsa mata, tun kafin wani ya amsa maka.