Mabiyan Khalid Tela

Duk wanda ya zauna a Gyadi-Gyadi wajen shekarar da aka hana acaɓa a Kano ya san shagon Khalid tela, ko da bai taɓa kai masa ɗinki ba. Ɗan tsukukun shago ne a bakin layi, keke biyu da teburin yanka. Sana'arsa ɗaya ce, fararen rigunan ma'aikatan asibiti da kayan ɗaliban jinya, kuma wallahi ya iya. In ya kafa aljihu a rigar likita sai ka rantse daga waje aka kawo ta. Abin da ya rasa shi ne haƙuri.

Shi ne babba a ɗakin Inna Uwani, kuma tun rasuwar mahaifinsu gidan a wuyansa yake. Ahmad mai bi masa shi ke yi masa yanka a shago. Naja'atu tana makarantar jinya. Sai auta Jummai, 'yar ajin ƙarshe a wata sakandare a Tarauni, wadda ita kaɗai ke iya yi masa tsiya ya yi dariya.

Jikin shagonsa akwai Rifkatu, 'yar Kagoro, mai yin kek da cincin. Ita ta fara buɗe bulog a layin, wato shafi a intanet inda mutum ke rubuta labarin sana'arsa ya sa hoto, wanda ya ji daɗi ya danna ya zama mabiyinsa, duk abin da aka ƙara rubutawa ya je masa. Da wannan shafin har daga Hotoro ake kiranta aikin biki. Khalid ya gani ya yi sha'awa, ta zauna ta buɗe masa nasa. Wata huɗu yana rubutu: yadda ake fitar da tabon jini daga farin yadi, yadda ake gane yadin da ba ya jin guga. Ya tashi da mabiya uku, Rifkatu da mijinta Emmanuel da wani mai hoton zaki da bai san ko waye ba.

"Madam, wata huɗu fa! Uku!"

"Oga Khalid, ni shekarata biyu kafin na kai ɗari huɗu. Ka ci gaba da rubutu, za su zo."

"Su zo yaushe? In na tsufa?"

Wani dillalin yadi mai suna Audu ne ya ji yana wannan mita, ya ja shi gefe ya kwatanta masa wani tsoho a can bayan Hotoro, inda gidaje suka ƙare. Khalid yana salla, ya san hukuncin zuwa wurin boka sarai. Kwana uku ya yi yana juya abin a ransa, ran na huɗu ya rufe shago ya ce ya tafi kasuwa.

Da rana tsaka ya isa. Tsohon gidan buga bulo ne da aka bari, ciyawa ta cinye filin, a ƙuryarsa akwai ɗaki ɗaya marar taga. Yana ɗaga buhun da aka rataya a ƙofar wani wari ya buge shi, na tsohon jini da hayaƙin gashi. A bango an jera ƙahonin raguna, kowanne an toshe bakinsa da jan ƙyalle. Akwai fasasshen madubi da aka juya fuskarsa ga bango. Takalma kuwa ga su nan tsibi a lungu, na maza da na mata da na yara, kuma duk ƙafar dama ce. Tsohon yana zaune a kan fatar akuya, siriri, idonsa ɗaya fari fat.

"Me ka zo nema?"

"Mabiya nake so, Baba. Masu yawa. Dubbai. Duk inda na sa ƙafa su biyo ni."

"Yanzu ba ka da su ne?"

"Ina da su. Uku kacal."

Tsohon ya gyaɗa kai. "Uku. Haka ni ma na gani. To, waɗanda nake wa aiki ba sa ba da sabo sai sun karɓi tsoho. Ka bar musu ukun nan?"

Khalid ya yi 'yar dariya. "Me suke tsinana mini? A ɗauka."

"Yaro, ka yi tunani. Mabiyanka na ce."

"Na ji, Baba."

"To faɗa da bakinka, sau uku."

Ku da kuka tashi a gaban tsofaffi kun riga kun gane. Tsohon nan bai taɓa danna waya ba. A bakin mutanen da, mabiyinka shi ne wanda ya biyo ka daga cikin uwarku. Ko Khalid ya gane? Ya sha rantsuwa daga baya cewa bai gane ba. Ni dai abin da na sani, sa'ad da aka maimaita masa gabansa ya faɗi, kuma ya ƙi tambayar me ake nufi don kada a gaya masa. Ya buɗe baki ya ce na bar musu, na bar musu, na bar musu.

Tsohon ya tankaɗe toka a ƙasa ya ce ya cire takalmin dama ya taka. Ya taka. Aka sa sakaina aka kwashe sawun a hankali, aka raba shi cikin 'yan tukwane uku. Aka kawo baƙar kaza, tsohon ya juya wa gabas baya ya yanka ta ba bisimilla, ya ɗiga jinin a kowace tukunya. Ya karɓi wayar Khalid ya kifa ta a kansu yana magana ƙasa-ƙasa da wani harshe da ba Hausa ba. Wayar ta yi zafi har sai da Khalid ya riƙe ta da bakin riga.

"Kowace tukunya mutum dubu goma take ci," in ji tsohon. "In ta cika za a zo a ɗauki ɗaya. Bar takalmin nan, tafi."

Haka ya fito ƙafa ɗaya ba takalmi.

Tirƙashi! Kafin sati ya zagayo shafin ya kama da wuta. Tsohon rubutun tabon jinin nan da ba wanda ya kula da shi, shi aka dinga turawa daga waya zuwa waya. Ɗalibai suka cika layin, asibitocin kuɗi suka fara aiko da awo daga Kaduna da Jos. Ya kama shagon gaba, ya zuba keke goma sha biyu, ya sayi mota, ya rushe ɗakin Inna ya yi mata na siminti da tayil. Ya duba ya ga Rifkatu da mijinta da mai hoton zaki duk suna nan cikin mabiyansa ba wanda ya fita, abin ya ɗan tsaya masa a rai, sai ya kawar da kai.

Ranar da lambar ta cika dubu goma ya sayo lemo ya raba wa teloli. Ahmad yana tsaye a teburin yanka, sai ya ajiye almakashi ya ce, "Yaya, ana kirana." Ya nufi ƙofa kansa a ƙasa, yana ɗora ƙafa a hankali kamar mai bin sawun wani. A bakin kwata ya faɗi. Likitoci biyu ne a shagon sun zo awo, suka yi iya yinsu, ba su samu komai ba. Daga bandir ɗin da yake yankawa aka yanka masa likkafani.

A zaman makoki wata gwaggonsu da ta zo daga ƙauye ta kama hannun Khalid tana kuka. "Sannu Halidu. Mabiyinka ya tafi ya bar ka."

Nan take maganar tsohon ta dawo masa. Ya zare hannunsa ya tashi ya bar wurin.

A nan ne nake jin haushinsa, don daga ranar ba shi da sauran uzuri. Ya sani. Amma a satin ne wata makarantar jinya ta ba shi ɗinkin ɗalibanta gaba ɗaya, sai ya ce wa kansa kwana ne ya ƙare, mutane na faɗuwa su mutu kullum. Ya ce bari ya gama wannan aikin tukuna ya koma wurin tsohon. Da ya gama sai wani ya shigo, kuma bai daina rubutu ba.

Wata biyar tsakani tukunya ta biyu ta cika. Naja'atu tana ɗakin marasa lafiya tana koyon aiki, ta ajiye tiren magani ta fita kanta a ƙasa. A Unguwa Uku aka tsinto ta da yamma, ƙafafunta sun farfashe, tana tafiya tana cewa a dakata mata ta kusa cim musu. Ita ba su ɗauki ranta ba, hankalin suka ɗauka. Aka yi ruƙiyya, aka yi asibiti, ƙarshe sai ɗaki aka kulle ta, tana zagaya shi dare da rana. Inna ta rame ta zama abin tausayi, ba mai riƙe ta sai Jummai.

Sai a lokacin ya koma bayan Hotoro, lambar tana dubu ashirin da shida. Ya zube a gaban tsohon.

"Baba, ka cuce ni. Mabiyan shafi nake nufi!"

"Na tambaye ka sau nawa?"

"Ka karɓi motar, ka karɓi shagunan. Ka bar mini yarinyar nan."

"Ba ni ke karɓa ba."

"To in goge shafin?"

"Ka goge. Sawunka yana cikin tukunya, za su nemo ka ko ina ka buɗe." Ya nuna tukunya ta uku da haɓa. "Hanya ɗaya ce. Da ƙafarsu suka zo, sai dai su juya maka baya da ƙafarsu. In suka tsane ka suka watse kafin ta cika, yarinyar ta tsira."

Khalid ya dawo da niyyar korar mutane. Ya daina rubutu, lambar ta ci gaba da hawa. Ya rubuta cewa ɗinkinsa ba shi da kyau, kowa ya kai aikinsa wani wuri, aka ce kai telan nan akwai barkwanci, aka tura wa abokai. Ya zagi masu karantawa, suka yi ta dariya suna ramawa. Dubu ashirin da bakwai. Rifkatu ta tare shi a bakin shago ta ce, "Oga Khalid, lafiya kake kuwa? Me kake rubutawa haka?" Ya wuce ta ya shige shago.

Ran wata Juma'a da hantsi ya zauna a tsakar gida. Jummai tana gefe tana tsince shinkafa a faranti, ta dube shi ta ce, "Yaya, ka ga yadda ka koma kuwa? Ko budurwa ce ta ƙi ka?" Bai iya dariya ba. Ya ga abu ɗaya ne ya rage da zai sa mutane su tofa masa yawu su tafi, wato gaskiya. Ya san in ya faɗe ta ya gama yawo a Kano, ba ciniki, ba mutunci, wataƙila Inna ta tsine masa. Ya yarda. Ya rubuta komai, tsohon da tokar da tukwanen, da abin da ya faɗa sau uku, da Ahmad, da Naja'atu, da yadda ya sani ya ci gaba. A ƙarshe ya ce, don girman Allah duk mai bi na ya fita, ran ƙanwata ne. Ya danna ya tura, ya ji wani sauƙi da ya daɗe bai ji ba.

Kaico! Shekara guda yana wannan harka amma bai san mutanen waya ba. Wa zai ga irin wannan labari ya tafi? Kafin a kira salla an tura shi ko'ina. Wasu na tsine masa, wasu na cewa ƙarya ce sabon salon talla ne, wasu na cewa Allah ya kyauta. Kuma kowannensu sai ya danna ya bi shi, don ya ga abin da zai faru da yarinyar.

Dubu ashirin da takwas. Ya rubuta, ku fita! Dubu ashirin da tara. Ya buga wayar da ƙasa, gilashin ya tsage, lambar tana ci gaba da juyawa a bayan tsagar, tana dosar dubu talatin. Ya yi kan Jummai ya rungume ta yana ihu, shinkafa ta watse. Inna ta fito da gudu tana salati, ba ta san me ake ciki ba.

"Yaya, sake ni mana, ka ji mini ciwo," in ji Jummai. Sai ta karkata kai wajen zaure. "Inna, wa ke kirana?"

Su biyu suka riƙe ta, shi da Inna, da dukan ƙarfinsu. Ƙafafunta ne kawai ke motsi a ƙasa, ɗaya bayan ɗaya. Ba ta je ko'ina ba, a hannunsu ta cika.

Maƙwabta ne suka karanta wa Inna abin da ɗanta ya rubuta. Ba ta tsine masa ba, ba ta kuma sake yi masa magana ba har ta koma ga Allah a shekarar. Dangi suka ɗauke Naja'atu zuwa ƙauye. Teloli suka watse, shagunan suka koma hannun wasu. Khalid yana nan da rai. In kun bi ta Tarauni za ku iya ganin wani mutum cikin yagaggiyar farar riga, yana tafe yana waiwaye, yana roƙon duk wanda ya gani a bayansa ya canja hanya.

To, ku masu ƙananan sana'a da kuke kwana kuna duba lamba a waya, ku ji tsoron Allah. Kwaɗayi ne ya kai Khalid ɗakin nan, kwaɗayi ne ya toshe masa kunne sa'ad da aka ce ya yi tunani, shi ne kuma ya sa ya binne ƙaninsa ya dawo ya ci gaba da rubutu. Duk wanda ya ce zai tara muku jama'a cikin sati guda, ku tambaye shi da me za a biya, ku kuma tsaya ku ji amsar. Boka ba ya karɓar abin da ba kwa so. A cikin gidanku yake zaɓa.