Katanga a Kan Burtali

Da faɗa suka fara. Duk wanda ya ce maka da murmushi ne, ba ya cikin ɗakin taron a ranar.

A wani ofishi ne a Gusau. Mas'udu, injiniyan kamfanin Alhaji Dogo, ya tsaya yana bayanin aikin ruwan da suke yi a Kucheri ta ƙasar Tsafe: rijiyar burtsatse, tanki a sama, allunan sola, sai katangar da ta zagaye su. Yana cikin zuba, wata siririyar budurwa ta ɗaga hannu daga ƙarshen tebur.

"Malam injiniya, ka ce ƙasar wurin na iya ɗaukar tanki. An gwada ta, ko da ido kuka duba?"

Aka kwashe da dariya. Ran Mas'udu ya ɓaci, ya bi ta da harara, ita kuwa ko a jikinta.

Zulai ke nan, injiniya a hukumar da ta ba da aikin. Kwangilar irin ta gama-ka-miƙa-makulli ce. Kamfani ne zai auna fili, ya zana, ya gina, ya gwada. Duk abin da ya ɓaci kafin a miƙa makulli, a wuyan kamfani yake. Da zarar an sa hannun karɓa, sai kamfani ya kakkaɓe rigarsa, wahala ta koma kan masu gari. Wannan sa hannun kuwa na Zulai ne.

Da aka tashi, Mas'udu ya bi ta har bakin mota don ya wanke kansa. Bai san yadda aka yi ba, ya tarar da kansa yana roƙon lambar waya, wai saboda aiki. Da yamma saƙo ya shigo mata:

"Ranki ya daɗe, mai binciken ƙasa. An gwada, ƙasa lafiya lau. Saura zuciyata, ita ce ba wanda ya duba."

Ta amsa: "Ba ta cikin kwangila."

"A sa ta, 'Yar Fillo."

"Sai na ga zanenta, Magini."

Daga nan sunayen suka zauna. Shi ɗan manoman Bungudu ne, maraya, a hannun mahaifiyarsa Inna Yelwa. Ita 'yar Baffa Jibo ce, makiyayi mai ruga a gefen Kucheri, amma karatu ya riƙe ta a Gusau tun tana ƙarama. Kafin rani ya yi nisa, Mas'udu ya tura magabatansa. Baffa Jibo na kudu da shanu a lokacin, sai ya aiko cewa a jira shi, da ruwan farko zai dawo.

Ruwan farko ya sauka, aiki ma ya kammala, aka tura Zulai ta duba ta karɓa. Tun da aka fara aikin ba ta je wurin ba. A takarda kawai ta san shi, inda aka rubuta fili ne da ba kowa. Mai sa ido a wurin wani abokin aikinta ne, Tajuddeen, wanda ya daɗe yana sonta tana kaucewa.

Tana sauka daga mota ta tsaya cik. Tanki ya yi kyau, fenti na ƙyalli. Amma ga shingen aguwa ta gabas, ga wani ta yamma, ga katanga ta zauna daram a tsakaninsu ta toshe komai.

Mas'udu ya taho da fara'a, makulli a hannu. "'Yar Fillo, ya kika ga aikin Magininki?"

"Ka san inda ka yi ginin ga?"

"Filin da mutanen gari sunka nuna mana. Ba mai noma shi, ba wanda za a biya diyya."

"Ba mai noma shi don burtali ne, Mas'udu. Hanyar shanu ce. Ta nan ni kaina na bi su ina yarinya."

"Lokacin da munka auna, ko kashin saniya ban gani ba."

"Da rani kunka auna. Da rani shanu na kudu, gonaki duk a buɗe suke. Yanzu an yi shuka. In ka ɗauke wanga zirin, ta ina za su bi? Ta sama?"

Gaskiya ce mai ɗaci. An tambayi ƙasa ko za ta ɗauki tanki, an tambayi rijiya ko tana da ruwa, an tambayi mai gari. Waɗanda ba a tambaya ba su ne waɗanda ba sa nan. Haka ake yi, injiniyoyi su zo da na'urori a mota mai sanyi, su auna komai, su manta cewa shekara ba rani kaɗai ba ce.

Mas'udu ya rage murya. "Ki sa hannu, daga baya mu san yadda za a yi. Alhaji ya rantse in ba a karɓi aikin ga ba, ni zai kora."

"In na sa hannu yau, gobe katangar ga ta gari ce, ba taku ba. Alhajinka ya naɗe tabarmarsa ya koma Gusau, ya bar mutane da sanduna a hannu. Ba zan sa ba."

"Ko don ni?"

"Kada ka ƙara haɗa kanka da wanga hannun."

Ya jefa makullin a aljihu, ya juya ya tafi ko sallama babu.

Ba a yi nisa ba abin da ta faɗa ya auku. Garken Baffa Jibo ya dawo, ya tarar da katanga, ya fantsama cikin geron wani manomi, Malam Shehu. Aka fito da sanduna da gatura. Da ƙyar dattawa suka shiga tsakani. A Zamfarar yau kuwa, kowa ya san abin da saniya ɗaya a gonar gero take iya haifarwa.

Da Baffa Jibo ya ji ko wane ne maginin, ya sa aka kira masa Zulai.

"Wanga yaron da anka ce yana son ɗiyata, shi ya tare mani hanya?"

"Baffa, bai sani ba."

"Bai tambaya ba dai. Kakana ya bi burtalin ga, ubana ya bi shi. Ni da Shehu tare munka tashi, yau ga shi ya ɗaga mani gatari saboda aikin surukina. Suruki? Ki hwaɗa mai ya nemi mata cikin masu siminti. Ban ba shi."

Ta fito idanunta jawur. Tajuddeen kuma ya ga dama ta samu. Washegari a ofis ya jawo kujera, ya yi fuskar tausayi.

"Zulai, ban so in faɗa miki. Tun farko sa hannunki yake nema. A gabana ya ce wa wani lebura, mai karɓar aikin tana tafin hannunsa."

Ƙarya ce tsagwaronta, kuma daga bakin mutumin da aka ajiye ya sa ido bai sa ba. Amma zuciyar da ke tafasa ba ta tace magana. Zulai ta tuna da "ko don ni", ta ɗauki waya:

"Ashe ni ce a tafin hannunka. To ka duba da kyau, babu kowa a ciki. Kada ka ƙara kirana."

Amsa ta zo nan take: "Kina neman raba ni da aikina, yanzu kuma kina laƙa mini abin da ban faɗa ba. Na gode, Injiniya Zulai."

Wannan "Injiniya Zulai" ya fi zagi ciwo. Ta kife wayar, ta yi kuka na haushi.

A Bungudu ma wuta ce ke ci. Inna Yelwa ta ajiye masa tuwo da ƙarfi har miya ta fantsala.

"Yarinyar da tun ba a ɗaura ba ta tsaya tsakaninka da abincinka, in anka ɗaura mi za ta yi? Ga 'yan mata nan cike da gari."

Mas'udu kuwa haushin kowa yake ji, har da na shanu. Ranar Juma'a ya hau babur ya nufi Kucheri, wai ya ƙara duba ko akwai wata hanya. Ya ga geron Malam Shehu a kwance an tattake shi. A masallaci kuma ya ga abin da ya fi haka, manoma sun yi sahunsu, makiyaya sun ja baya sun yi nasu, da rata a tsakani. Aka sallame, ba wanda ya miƙa wa wani hannu.

Nan ne haushinsa ya sami mai shi. Shi ya ja layin nan a takarda, ba Zulai ba.

Ya wuce Gusau, ya shiga ofishin Alhaji Dogo.

"Ka lallashi budurwar taka?" in ji Alhaji.

"Alhaji, kwangilar makulli munka karɓa. Auna fili aikinmu ne, tambayar masu bin sa ma aikinmu ne. Ba mu yi ba. Gyara a kanmu yake."

Alhaji ya buga tebur. Lauyansa ya riga ya faɗa masa haka, shi ya sa maganar ta ƙara ƙona shi.

"Ni za ka karanta wa kwangila? To je ka gyara. Amma ranar da anka karɓi aikin, ka ajiye mani hular kamfani. Ba na aiki da wanda ke tsaya wa wancan ɓangaren."

"Na yarda."

Wannan karon bai fara da na'ura ba. Ya zauna a tabarma da Baffa Jibo, wanda ko kallonsa bai yi ba, da Malam Shehu, wanda ya zazzage shi tas. Ya shanye, ya tambayi faɗin da garke yake buƙata. Sannan ya ɗauki guduma, shi ya fara dukan katangar. Aka bar tanki a gabas, aka mayar da allunan sola yamma, aka binne bututu da waya a ƙarƙashin burtali, aka kewaye kowane ɓangare daban. Gefen hanya kuma ya gina kwamin shayar da dabbobi.

Labari ya iske Zulai a ofis, har da na korar. Ta juya ta dubi Tajuddeen.

"Mai neman sa hannu ne zai rushe gininsa ya rasa aikinsa? Kai da anka tura ka sa ido, ina idon yake? Kada ka ƙara jawo kujera kusa da ni."

Ranar karɓa Zulai ba ta yi wa kowa sassauci ba. Ta sa aka kunna famfo aka kashe, aka tone wani wuri ta ga zurfin bututu, ta tsaya har garke ya wuce ta tsakiya ba tare da ya taɓa ko ganye ba. Sannan ta sa hannu. Mas'udu ya miƙa makulli, ya cire hula ya ba direban kamfani, ya nufi babur ɗinsa.

"Magini."

Ya tsaya, bai juyo ba.

"An faɗa mini magana a kanka, na yarda ban tambaye ka ba. Laifin da na kama ka da shi, shi na yi."

"Na ce ki sa hannu don ni. Wannan kam na faɗa, kuma ina jin kunyarsa."

"Ka cancanci faɗan."

"Na sani, 'Yar Fillo. Amma kin iya faɗa, Allah ya sani."

Baffa Jibo na tsaye nesa kaɗan, ya dogara da sandarsa. Ya yafito Mas'udu.

"Yaro, na ga masu gini da yawa. Ban taɓa ganin wanda ya rushe nashi da hannunshi ba. An ce ba ka da aiki yanzu."

"Haka ne, Baffa."

"Aiki na zuwa. Ka turo manyanka."

Inna Yelwa ce ta rage. Ta yi rantsuwa ba za ta taka Kucheri ba. Sai ga Malam Shehu da Baffa Jibo a mota ɗaya har Bungudu, da ƙwaryar man shanu, sun zo yi mata godiyar tarbiyya. Ta yi ta gunaguni a bayan ƙyaure, daga ƙarshe ta ce ita dai a gaya wa yarinyar ta rage kaifin baki.

Bayan an girbe gero aka ɗaura aure a masallacin Kucheri, sahu a haɗe. Baffa Jibo ya ba 'yarsa karsana, Malam Shehu ya kawo damin gero. Da la'asar aka kai amarya Bungudu, Inna Yelwa da kanta ta riƙo hannunta ta shigar da ita, tana sa albarka tana share hawaye.

Da mutane suka watse, Mas'udu ya zauna gefenta, ya ɗaga mayafin a hankali.

"Kin auri injiniya marar aiki, kuma ke kika jawo."

"Ni na ce ka auna da rani?" Ta harare shi, murmushi na neman ƙwace mata. "Ka sani, har yau ban gama hucewa ba."

"Ki huce a hankali, 'Yar Fillo. Ba inda za ni."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ta gari, ya buɗa wa Magini wata ƙofar, ya kuma zaunar da ƙasarsu lafiya.