Murfin Jarka

A shagonta na bayan tasha ya fara ganinta, tana zuba murafun jarka a buhu. Shi ma'aikacin ofishin ƙididdiga ne, an turo shi ya kimanta fetur ɗin da ake fasa-ƙwaurinsa. Gwamnati ta kasa hana abin, sai ta ga gara ta sa shi cikin lissafin arzikin ƙasa.

"Malam, saye za ka yi ko kallo?"

"Duka biyun, in an yarda."

Daga ranar kullum yana kan bencinta. Tana ce masa Malam Ƙidaya, yana ce mata Sanyin Idona. Yakan tambaye ta yaya ciniki, ita kuma ta zayyana masa tana dariya. Kowane murfi da ta sayar jarka ce da ta tsallake iyaka.

Babanta ne mai jarkokin. Direbansa, wanda ya daɗe yana sonta, shi ya kai gulma. Ran nan sai ga saƙonta:

"Ashe murafu kake so, ba ni ba. Baba ya sani. Kar ka biyo ta tasha."

Ya amsa: "Da murafu na fara, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma aikin ya ƙare tuni, Sanyin Idona, ban kuwa daina zuwa ba."

Ya biyo ta tashar. A gareji uban ya karɓe shi, aka ja ƙofa. Ƙarti biyu suna zaune kan tayoyi, ba su amsa sallama ba.

"Sunana ka kai wa gwamnati?"

"Ba ma rubuta suna, Baba. Adadi kawai."

"Faɗi in ji."

Ya faɗa. Adadin kuwa daidai ne.

Daga bayan ƙofa muryarta ta taso: "Baba, in aka taɓa shi ni ma fita zan yi. Kuma na fi shi sanin hanyoyin motocinka."

Uban ya shafa gemu. "Wanda ya san wannan adadin ba ya zama bare. Ko ya shigo gida, ko kuwa..." Bai ƙarasa ba.

Aka ɗaura aure. Uban ya ba su ɗaki a cikin gidansa, taga tana kallon tasa. Ya dafa kan amarya, ya dafa kafaɗar ango, hannun ya ɗan yi nauyi.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a, ya tsare ku daga yawan magana."

Ta matse yatsun mijinta. Kowa ya ce amin, amma ta ango ta fi ƙarfi.