Rubutun Marigayi Valdir

Ranar zaɓe Deusdete ya fara ganin Jucélia. Ita ke duba sunayen masu zaɓe a makarantar garinsu, can cikin jihar Piauí. Da ta ɗago ta dube shi, lambar takararsa da ake zaɓensa da ita ma ta ɓace masa.

"Ranka ya daɗe ɗan takara, layi na jira," in ji ta, tana ƙunshe dariya.

Majalisar jiha ya nema, ya faɗi. Bayan kwana biyu ya aika mata saƙo: "Na sha ƙasa, amma idonki bai bar ni ba."

Ta amsa: "Ƙuri'a ɗari huɗu da sha biyu. Ɗaya tawa ce, baƙauyena."

Da maganar aure ta taso, mahaifinta, Seu Aristides, ya ce sam. Shekara goma da suka wuce aka harbe ɗansa Valdir a kan tsani yana liƙa hoton wani ɗan majalisa. Ragar lilo da Valdir ke kwanciya a ciki na nan rataye a baranda, ba mai taɓa ta. Wani lokaci tana lilo ba iska.

"Ɗan siyasa ba zai taka gidan nan ba," in ji tsohon.

Shekara huɗu Jucélia ta jira, Deusdete ya sake tsayawa. Sai Osmar, abokin hamayyarsa, wanda shi ma yake neman aurenta, ya kai ƙara cewa Deusdete makiyayin awaki ne, bai iya karatu ba, doka kuwa ta hana irinsa takara. Deusdete ba shi da takardar makaranta ko ɗaya. Alƙali ya sa shi ya rubuta shafi guda a gabansa, ya rubuta. Hoton shafin ya bi wayoyi.

Jucélia ta nuna wa mahaifinta. Tsohon bai iya karatu ba, amma ya daɗe yana kallo. Ya tashi ya ɗauko littafin makarantar Valdir daga akwati, ya ajiye kusa da wayar. Rubutun iri ɗaya ne, har yadda yake kwanciya hagu.

"Kira min shi."

Deusdete ya zo, hula a hannu.

"Wa ya koya maka rubutu?"

"Valdir, Baba. A gindin bishiya, muna kiwo."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Ni na riƙe masa tsanin ranar. Da na ji harbi na saki, na gudu."

Jucélia ta fashe da kuka. "Shekara huɗu, Deusdete, ba ka gaya min ba?"

"Tsoron rasa ki nake, masoyiyata. Duk sanda na ɗauki biro shi nake gani."

Tsohon ya dubi ragar.

"Da ka tsaya, da gawa biyu aka binne," in ji shi. Ya miƙo littafin. "Karanta min. Shekara goma sha huɗu ban ji abin da ke ciki ba."

Deusdete ya karanta har shafin ƙarshe.

A watan Oktoba ya ci kujerar da ƙuri'a dubu ashirin da ɗaya. A Disamba aka ɗaura aure a coci, aka yanka awaki shida. Seu Aristides ya kwance ragar da hannunsa ya naɗe, ya ɗora a hannun ango.

"Ku rataya a gidanku. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku ɗan da zai kwanta a ciki."