Allurai Ashirin da Fom ɗin Auta

"Ni fa na rasa gane kan keken ɗinkin nan na Inna," in ji Bakanike yana wanke baƙin mai a bakin famfo. "Sau uku ke nan a satin nan tana kirana wai ya lalace. In je in buɗe shi, in sa masa mai, in zura zare, in taka, lafiya lau yake gudu!"

Matarsa Malama tana zaune kan tabarma, takardu sun kewaye ta ta ko'ina. Ba ta ɗago ba ta ce, "Wataƙila kewarka take yi, likitan mota. Ni ma da ina da keke, kullum sai na ce ya lalace."

"Ke ai ba ki buƙatar keke. Ko tari kika yi zan rufe gareji in taho."

Ta yi dariya ta matsa masa wuri. Shekararsu biyu da aure, amma har yanzu in ya zauna kusa da ita sai ta manta layin da take karantawa. Aikinta a makarantar sakandare shi ne taimaka wa 'yan ajin ƙarshe su zaɓi jami'ar da za su nema, kuma tana da wata dabara da duk ɗalibai suka san ta da ita. Kowa za ta ba shi farar takarda ya raba ta gida uku, makaranta ɗaya a kowane gida, ya rubuta kwas ɗin da ake koyarwa, makin da ake nema, ɗakin kwana, nisa da tallafin karatu. A can ƙasa kuma akwai layi na ƙarshe da take cewa a amsa tsakani da Allah: "Me zan bari a baya?"

Ta zaro takarda ɗaya ta miƙa masa. "Duba ta ƙanwarka."

Auta ce ƙaramar su Bakanike, ita kaɗai ta rage a gaban Inna tun rasuwar mahaifinsu. Yarinya ce mai kai, wadda tun tana firamare take zana gidaje a bayan takardun awon kwastomomin Inna.

"Jami'ar nan ta nesa ita ke da kwas ɗin zanen gine-gine," Malama ta ce tana nuna masa da biro. "Makinta ya kai har ya wuce, ga tallafin karatu. Ko'ina a takardar nan ita ta fifita. Amma da ta zo cike fom a intanet, sai ta sa kwalejin bayan kasuwa, wadda ko kwas ɗin ba su da shi. Kuma ka ga layin ƙarshe? Ta rubuta wani abu ta goge, ta goge har takardar ta huje. Ranar Juma'a ƙarfe huɗu za a rufe fom. In aka rufe a haka, shi ke nan, sai ta yi shekaru tana karanta abin da ba ta so."

Ya juya takardar ya ce, "To ki tambaye ta mana."

Ta kuwa tambaye ta. Washegari a ofishinta, Auta ta tsaya tana murza gefen mayafi, ido ya cika da ƙwalla.

"Anti, don Allah ki bar shi haka. Kwalejin ma ai ba laifi, wallahi ina so."

"Kalle ni ki ce kina so."

Auta ba ta iya ba. Sai ta ce an kaɗa ƙararrawa, ta fita da gudu, alhali ko mai kaɗawar bai tashi daga kujerarsa ba.

A nan ne Malama ta yi kuskurenta, don ita ma 'yar Adam ce, kuma tana da zafin nama in maganar karatu ta taso. Ranar Litinin da la'asar ta ɗauki ƙasidar jami'ar mai hotuna ta nufi gidan surukarta. Ta tarar da Inna a shagon ɗinkinta na ƙofar gida da kwastomomi biyu, maimakon ta jira su tafi, tana gama gaisuwa ta buɗe ƙasidar a kan teburin yanka.

"Inna, ki duba da kanki. Ga ɗakunan kwanan mata, ga abin da suka rubuta kan tallafi. Karanta nan ki gani."

Inna ta dubi takardar, ta kawar da kai. Fuskarta ta canza nan take.

"Ba zan duba ba! Ɗauke min ita daga kan kayan mutane!"

"Inna, makomar yarinyar nan..."

"Makoma? Ke kika haifa min ita? Kin zo kin ɗauke min babban, sai na ce keke ya lalace nake ganinsa, yanzu kuma 'yar da ta rage min kike so ki tura bayan duniya! Me na tare miki ne, 'yar nan?"

Kwastomomin suka sunkuyar da kai. Auta da ke bakin ƙofa ta fashe da kuka ta shige ciki. Malama ta tattara ƙasidarta, ta durƙusa ta ce, "Ki yi haƙuri, Inna," ta fita. Ba ta yi kuka ba sai da ta sha kwana.

Kafin ta isa gida labari ya riga ta. Ta tarar da Bakanike tsaye a tsakar gida, ko kayan aiki bai cire ba.

"A gaban mutane? Uwata ta kira ni tana kuka, abin da ban taɓa ji ba ko ranar da Baba ya rasu! Ki cire hannunki daga maganar Auta. Na gama magana."

"Na yi kuskuren wuri, na yarda," ta ce a hankali. "Amma ban yi kuskuren yarinyar ba. Kuma ka kwantar da hankalinka, fasuwad ɗin shiga fom ɗinta yana hannuna, da mai canza wa yaro fom a ɓoye ce ni da tuni na canza. Ban taɓa yi wa kowa ba, ba zan fara a kan ƙanwarka ba."

Kwana biyu gidan ya yi tsit. Abin dariyar shi ne fushin Bakanike bai iya hana shi komai ba. Da safe zai goge mata kujerar mota da gefen rigarsa, ya kai ta makaranta, ya buɗe mata ƙofa, duk fuska a ɗaure. Ita kuma ta haɗa masa shayi yadda yake so ta ajiye ba magana. Suna son juna, kowa ya sani, kuma wannan ne ya sa shirun ya fi yi musu ciwo.

Ranar Alhamis da sassafe suna cikin mota ta ce, "Ka biya da ni wajen Inna kafin makaranta. Haƙuri zan sake ba ta, ba wata magana."

Ya dube ta ta gefen ido, ya juya kan mota. Da suka isa ya ce zai jira a waje, don shi kunyar shiga tsakanin mata biyun nan yake ji.

Ƙofar shagon a buɗe take kaɗan. Malama ta yi sallama ta tura, sai ta tsaya cak. Auta ce zaune bakin taga cikin kayan makaranta, da ƙaramin matashi a cinyarta. Allurai ne soke a jikinsa jere reras, kowace da zarenta, farare a layi ɗaya, baƙaƙe a na biyu, sauran launuka a ƙasa. Tana lasar bakin zare tana ƙirgawa, "Sha takwas..."

Da ta ga Malama ta yi sauri ta rufe matashin da littafi.

"Auta, na wa ne waɗannan?"

"Anti, don girman Allah kada ki gaya wa Yaya." Hawaye suka zubo mata. "Inna ba ta ganin kafar allura. Shekara guda ke nan. Kullum ina zura mata ashirin kafin in tafi, su take ɗauka tana kalmasa da sa maɓalli, ta haddace layin kowane launi. Awo ma ni nake karanta mata da yamma. In zaren keke ya tsinke ba na nan, shi ne take kiran Yaya ta ce keke ya lalace. In na tafi, Anti, wa zai zura mata? Abin da na rubuta ke nan na goge."

Malama ta tuna yadda ta shimfiɗa wa matar nan takarda a gaban kwastomomi tana cewa karanta nan, kunya ta kama ta har cikin ƙashi.

"Tunda kin ji, sai ki je ki yi shela."

Inna ce tsaye a ƙofar ciki, ta dafa bango. Babu faɗa a muryarta yanzu, gajiya ce kawai.

Malama ta karɓi matashin daga hannun Auta, ta zauna a ƙasa, ta zura ta sha tara, ta zura ta ashirin, ta soke su a layinsu. Sannan ta ɗago.

"Inna, me kike tsoro?"

Inna ta zauna a kujerar keke ta share ido da bakin zane. "Shekara talatin ina ɗinki a ɗakin nan. Da shi na ciyar da su. Ranar da mutane suka ji ba na gani, wa zai kawo min yadinsa? Shi kuma babban ya ɗauke keken, ya zaunar da ni a ɗaki ina jiran a kawo min. Ni ban ce yarinyar nan ta fasa karatu ba, 'yar nan. Amma da na ga ta fasa, ban hana ta ba. Abin nan yana ci na a rai kullum."

"Gidan nan a kan hanyar makarantarmu yake," Malama ta ce. "Allura ashirin ba ta fi minti goma ba. Ni zan riƙa zuwa, kuma ba kwastoman da zai ji daga bakina. Amma abu ɗaya ne ba zan iya ba, ba zan ɓoye wa mijina ba. Ke za ki gaya masa ko ni?"

"Ba sai kun gaya min ba."

Ashe zaman mota ya ishi Bakanike, ya biyo baya ya tsaya a bakin ƙofa ya ji komai. Ya shigo ya durƙusa gaban uwarsa, ƙaton mutum yana hawaye.

"Ni da nake gane ciwon mota daga ƙararta, Inna, na zura miki zare sau nawa ban gane ba? Wallahi ba mai taɓa keken nan. Amma yau ba gareji, asibitin ido za mu."

Sannan ya juyo wajen matarsa, ya rasa ta inda zai fara. "Malamata..."

"Tashi ka kunna mota, likita," ta ce tana murmushi cikin hawaye. "Haƙurin ka biya ni shi a gida."

A asibiti aka ce yanar ido ce ta rufe mata gani, kuma aiki ne da ake yi a sallami mutum a ranar. Aka ba su wata mai zuwa. Inna ta riƙa salati tana cewa ashe abin da ta ɓoye shekara guda ke nan.

Ranar Juma'a ƙarfe uku suka taru a shagon, Malama ta ɗora kwamfutarta a teburin yanka. Ba ta taɓa komai ba, ta tura wa Auta. Yarinyar ta goge sunan kwalejin bayan kasuwa da hannunta ta sa jami'ar da take so. Sai intanet ya ɗauke! Bakanike ya hau kan kujera ya ɗaga waya sama yana juyi, Auta tana tsalle tana cewa, "Yaya, hagu! Wayyo, saura minti ashirin!" Da intanet ɗin ya dawo, Inna ta ce a kama yatsanta a nuna mata wurin. Malama ta riƙe yatsan nan da sukar allura ta taurara, ta ɗora a kan maɓallin, Inna ta danna da kanta.

"Je ki zana gidajenki," ta ce wa Auta. "Na farko ki sa masa babbar taga."

Auta ta sami gurbin. Ranar tafiya an sha kuka a tasha, Bakanike ya fi kowa, ko da yake ya ce hayaƙin mota ne. Aikin idon ya yi kyau, har Inna ta koma karanta awo da kanta tana gyara wa kwastomomi lissafin yadi. Malama ta ɗauka aikinta ya ƙare, sai ta yi kwana biyu ba ta biya ba. A rana ta uku wayarta ta yi ƙara.

"'Yata, allurai na nan ba zare."

"Inna, ba likita ya ce kina ganin kafar allura ba?"

"Likita ya faɗa. Ni dai na ce ba zare, kuma na dafa shayi."

Bakanike da ke gefe ya kwashe da dariya har da riƙe ciki, ya ɗauki makullin mota.

Wannan shi ne abin da haƙuri ya saya wa Malama: ɗalibarta ta sami karatun da take so, mijinta ya ƙara ganin girmanta, surukar da ta kore ta a gaban mutane ta koma kiranta 'yata. Da ta rama faɗan, ko ta canza fom ɗin a ɓoye, da ta yi asarar su duka ukun. Sau da yawa wanda ya tare maka hanya a cikin dangi ba ƙiyayya ce ke cinsa ba, wani tsoro ne yake jin kunyar faɗa. Kafin ka yi fushi da shi, ka zauna kusa da shi ka tambaye shi me yake tsoro. Har yau kuma, kowace safiya, Malama tana zura allurai ashirin kafin ta wuce makaranta.