Rakodar Matan Bayan Tasha

Sufeto ko shayinsa bai gama kurɓa ba aka ce an yi sata a ofishin masu bincike. Ya tarar da Dakta, shugabar ofishin, tsaye gaban durowa idonta ya yi ja.

"Me aka ɗauka?"

"Rakoda. Muryoyin matan bayan tasha ne a ciki, suna faɗin yadda annoba ta karya sana'o'insu. Gobe kwamitin tallafi zai zauna. In babu shaidarsu, tsallake unguwar za a yi."

"Babu kwafi?"

"Yau za mu kwafe," in ji ta, murya ƙasa-ƙasa.

Sufeto ya duba. Ba a ɓalle ƙofa ba. Ga kwamfuta sabuwa fil a kan tebur, ga sauran rakodoji a durowar. Wane irin ɓarawo ne wannan mai tsince-tsince? Ai sai wanda ya san abin da ke ciki.

Ya kira mataimakiyar Dakta, wadda ta yi hirar da matan.

"Ban da ke, wa ya ji muryoyin nan?"

"Babu kowa, yallaɓai. Alkawari muka yi musu na sirri."

Bakinta ya faɗa, amma hannunta sai murza gefen mayafi yake yi. Sufeto ya ƙyale ta ya fita wajen motar ofis, inda direba yake ta goge gilashin da ya riga ya yi ƙal.

"Ka san wani a bayan tasha?"

"Ni? Kai su kawai nake yi, in jira a bakin titi."

Sufeto ya leƙa cikin motar. Wata 'yar igiyar jona sauti ce maƙale a jikin rediyo, bakinta irin na rakodojin da ya gani. Ya ɗago ta ya nuna wa mataimakiyar, wadda ta biyo shi.

Nan ta fashe da kuka. "A hanya na jona don in ji ko sautin ya fita. Minti kaɗan ne wallahi."

"Baba direba," in ji Sufeto, "muryar wa ka ji?"

Tsumman goge gilashin ya faɗi daga hannunsa.

"Ta uwar 'ya'yana. Can bayan tashar gidanmu yake." Ya sunkuya ya ɗauki tsumman. "Lokacin kullen annoba otal ɗin da nake wa tuƙi ya sallame ni. Na kasa gaya mata. Kullum sai in sa kayan aiki in fita, in je in yi dako a ɓoye. Sai ga ta a rediyo tana faɗa wa baƙuwa. Na ce za a kunna wannan gaban manya? Gara in ɗauke ta in goge."

"Ka goge?" in ji Sufeto.

Dakta, da ta fito bakin ƙofa, ta dafe ƙirji.

Direban ya ɗaga kujerarsa ya zaro rakodar. "Na kasa. Na saurara har ƙarshe. Cewa ta yi tun ranar farko ta gane, don ƙurar siminti take gani a wuyan rigar. Sai ta wanke ta goge ta rataye mini, don kada in ji kunya."

Kai, ko Sufeto da ya saba da ɓarayi sai da ya kau da kai. Abin ya taɓa shi.

"Baba, da ka tambaye ni," in ji Dakta. "Ba ma kunna muryar kowa. Rubutawa muke yi, babu suna. Laifin namu ne da ka ji. Sufeto, na janye ƙara."

"Sai an rubuta a ofis, Dakta. Baba, mu je ka ba da bayani. Kafin la'asar ka dawo, gobe kai ne mai kai su kwamiti."

Suna shiga motar 'yan sanda, direban ya matso.

"Ranka ya daɗe, ko za mu biya ta gida? Shekarun nan duka ban taɓa yi mata godiyar wankin ba."

Caji ofis yana hannun dama. Sufeto ya karya kan mota hagu, ya nufi bayan tasha.