Ɗigo Ɗaya a Kan Farin Ƙyalle

Ranar kasuwar Karaye ce. Zubair makaniki yana kwance ƙarƙashin wata bas, ya gaji liƙis, sai ya ji sallama.

"Sannu da aiki. Babana, Malam Aƙilu, yana kiranka. Kunkuru ta sake zubar da mai."

Da ya fito ya ɗaga kai, sifanar hannunsa ta suɓuce. Munawwara ce, 'yar Malam. Ta kawar da fuska tana murmushi.

Kowa ya san Kunkuru, tsohuwar mota mai doro da inji a baya. Da ita Malam Aƙilu, tsohon magatakardan hakimi, ya ɗauko marigayiya matarsa daga Zoza ranar bikinsu. Ba ta shan ruwa. Iska ce ke sanyaya baƙin manta ta wani ƙarfe da makanikai ke kira kula, kuma nan take yoyo shekara shida. Makanikai huɗu sun shafa mata gam, ɗaya har da sabulu, kowanne ya rantse ta warke.

Zubair ya sauke inji a ƙofar gidan. Kullum Munawwara na kawo masa zoɓo, tun ana gaisuwa har aka kai ga saƙon waya.

"Haskena, yau bayana kamar an daka. Zoɓonki ne kawai ya riƙe ni."

"Sannu Baƙin Hannu. Ka dai wanke hannu kafin ka taɓa min kofi."

Da kawunsa da sauran magabatansa suka je neman aurenta, Malam bai ɓoye ba.

"Makaniki? 'Yan gobe-ka-dawo? Sun gajiyar da ni da rantsuwa. Ba zan ba maƙaryaci 'yata ba."

Ga kuma Maikuɗi, dillalin gyaɗa daga Rogo, yana ta sintirin neman Munawwara, har yana cewa a ba 'yan gwangwan Kunkuru shi zai kawo sabuwa.

Ciwon motar bai wuce wasu 'yan robobi biyu da suka bushe a gindin kular ba, amma an daina ganin irinsu. Zubair ya ɗauki kular ya tafi Kano, shago shago, a can wayarsa ta faɗi ta fashe. Kwana tara shiru. Maikuɗi ya baza cewa ya gudu da kayan mutane. Munawwara ta yi kuka har ta gaji da kukan, ta rubuta, "In ka fasa, ka dawo wa Baba da ƙarfensa. Na Inna ne."

Saƙon bai isa ba, shi ne ya iso, ya rame, da robobin ƙulle a leda. Tana ganin fasasshiyar wayar, kunya ta kama ta.

"Ka yafe min."

"Ni ko ƙarfin fushi ba ni da shi, Haskena."

Kwana biyu yana haɗawa. Da ya gama, Malam ya shimfiɗa farin ƙyalle a ƙarƙashin injin.

"Mu haɗu da safe. In babu ɗigo, sai mu yi magana."

Da hantsi Zubair ya riga kowa zuwa. Ya durƙusa ya duba ƙyallen. Ga ɗigo ɗaya, baƙi ƙirin, bai fi ƙwayar dawa ba.

Munawwara ta leƙo daga soro, idonta ya ciko.

"Ina da irin ƙyallen a ɗaki, mu musanya. Baba yana karatu. Don Allah, Zubair, na gaji."

Ya daɗe yana kallon ɗigon. Shi ma ya gaji, wallahi, kuma yana sonta kamar ransa.

"Bar shi," ya ce. "Kira min Baba."

Malam ya fito yana dogara sanda. Zubair ya miƙa masa ƙyallen da hannu biyu.

"Baba, ba ta warke ba. Na matse noti ɗaya fiye da kima, robar ta karkace. Laifina ne. Zan sake sauke injin."

Tsohon ya zauna a kan dakali.

"Tun da na fito sallar asuba na gan shi da tocila. Jira nake in ga wane ƙyalle za a kawo min. Shekara shida, kai ne na farko da ya nuna min ɗigonsa." Ya share ido da hannun riga. "Ka ce wa kawunka ya dawo."

Bayan an girbe gyaɗa aka ɗaura aure. Kunkuru ce ta ɗauki amarya, a kujerar da mahaifiyarta ta zauna, tana tafe tana kukanta na tsufa, ba ɗigo ko ɗaya a bayanta.

Malam Aƙilu ya dafa doron motar kafin ta tashi.

"Allah Ya yi muku albarka. Ka tafi a hankali, Zubair. Sau biyu ke nan tana ɗaukar min abin da na fi so."